Dala, tiya da kilo: yadda lissafin goma-goma ya shigo kasuwa

Duk wanda ya taɓa raka baƙo babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole a Damagaram, ya san inda ake fara samun saɓani. Baƙo ya tambayi kuɗin kashin albasa, mai kaya ta ce masa ashirin, shi kuwa sai ya lalubo tamma ashirin da biyar ya miƙa yana jiran canji, alhali kuwa dala ashirin take nufi, watau sefa ɗari. Haka ma'aikaci yake karɓar albashinsa a rubuce da sefa, amma kafin ya kai bakin kasuwa ya riga ya raba shi gida biyar a ka, ya mai da shi dala da jika. A buro ana rubuta hatsi da kilo da ton, a rumfa ana auna shi da tiya. Tela yana riƙe da ma'aunin santimetir, atamfar da aka kawo masa kuwa da yadi aka yanko ta.

Wasu ƴan boko sukan ɗauki wannan zama na awo biyu a kan jahilcin mutanen kasuwa. Tarihi bai goyi bayansu ba. Ƙasar da ta ƙago metir da kilo, ita kanta sai da ta yi shekara 45 tana fama da mutanenta kafin su karɓa, kuma da tarar kuɗi aka ƙarasa aikin. Abin da ya cancanci a duba shi ne wanda ke cin riba da wanda ke asara duk lokacin da awo biyu suka haɗu a ciniki ɗaya, domin a wannan tsaga ce kuɗin talaka ke zurarewa.

Kafin juyin juya halin Faransa na 1789, kuɗin ƙasar bai san goma ba. Ana lissafi da libar, wadda ke da su 20, kowane su kuma yana da diniye 12, ke nan diniye 240 a libar guda. Tsari ne da aka gada tun zamanin sarki Sharlaman, kuma shi ne dai Ingila ta riƙe da sunan fam da sule da kwabo. Dattijan da suka yi fataucin Kano kafin 1973 ba su bukatar a yi musu bayani. Mutum ya sayi kaya bakwai, kowane a kan sule 3 da kwabo 8, sai ya mai da su kwabo 44, ya ninka sau bakwai ya samu 308, ya raba da 12, ya sake rabawa da 20, kafin ya gane fam ɗaya da sule 5 da kwabo 8 ake binsa. Wanda ya iya wannan a ka shi ke da kasuwa. Wanda bai iya ba, sai abin da malamin kanti ya faɗa masa.

Sha'anin awo ya fi na kuɗi dagulewa. Masana tarihi sun ƙiyasta sunayen ma'aunai wajen 800 a Faransa ta wancan zamani, kuma suna ɗaya yakan canza girma daga gari zuwa gari. Mai ƙasa shi ke ajiye da mudun da ake auna masa hatsin haraji, kuma manoma sun sha kukan cewa mudun yana ƙara faɗi shekara bayan shekara, ko kuwa a karɓa da tozo a sayar a shafe. Da aka ba jama'a dama su rubuta koke-kokensu ga sarki a 1789, garuruwa da yawa sun roƙi abu guda: a yi ma'auni ɗaya ga ƙasa duka. Ashe tun farko maganar metir ba ta fito daga son ilimi kaɗai ba, ta fito ne daga bakin manomin da ya gaji da a cuce shi a wurin awo.

A 1790 Talleyrand ya kai maganar gaban majalisa, aka miƙa ta ga manyan masana lissafi irin su Borda da Lagrange da Laplace da Condorcet. A 1791 suka yanke cewa ba za a ɗauki ƙafar wani sarki ko kamun hannunsa ba, za a ɗauki ma'auni daga jikin duniya, wadda ba ta kowa ba ce. Aka ce a auna nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu, a kasa shi kashi miliyan 10, kashi ɗaya shi ne metir. Tun da ba mai iya taka wannan nisa duka, sai aka tura masana taurari biyu, Delambre da Méchain, su auna yanki ɗaya daga Dankerk a arewacin Faransa zuwa Barsalona a Sipaniya. Sun tashi a 1792, ba su gama ba sai 1798. Ƙasa tana cikin yaƙi, mutanen ƙauye suna ganin baƙi bisa hasumiyar coci da madubin hangen nesa sai su ɗauke su ƴan leƙen asiri, an tsare su fiye da sau ɗaya. Lavoisier, wanda ya fara aikin auna nauyin ruwa domin a fitar da kilo, an sare masa kai a 1794 aikin bai ƙare ba. Méchain kuma ya gano ɗan saɓani cikin lissafinsa na Barsalona, ya ɓoye, abin ya yi ta cinsa a rai har ya rasu a 1804. A yau an san sandar metir da aka ƙera da ƙarfen filatin a 1799 ta gaza abin da aka nufa da kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimetir, kuma yawancin gibin ya zo ne daga siffar duniya, wadda ba ta kai mulmulallen da suka zata ba.

Hikimar tsarin tana wurin da aka ɗaure komi da juna. Akwati mai santimetir 10 a tsawo da faɗi da zurfi shi ne litir, litir ɗaya na ruwa kuma shi ne kilo. Daga nan komi ninki goma ne, ko ɗari, ko dubu. Dokar 7 ga Afrilu 1795 da ta kafa ma'aunan ita ce ta sa wa kuɗin suna faran, aka kasa shi santim 100, daga baya kuma aka tsaida nauyinsa a giram 5 na azurfa. Kuɗi da awo suka zama harshe ɗaya, har mai sikeli yana iya ɗora tsabar kuɗi a madadin dutsen awo.

Faransa ba ita ta fara kasa kuɗi gida ɗari ba. Rasha ta riga ta tun 1704, lokacin da sarki Bitrus Babba ya mai da rubul kopek 100, Amurka kuma ta tsaida dalarta a kan santi 100 da dokar 1792. Tun 1585 ma wani masanin lissafi, Simon Stevin, ya rubuta cewa wata rana kuɗi da ma'aunai za su koma goma-goma. Abin da Faransa ta ƙara shi ne haɗa kuɗin da awon a doka ɗaya. Ta ma wuce gona da iri, domin ta nemi mai da yini awa 10 da mako kwana 10. Agogon bai yi nisa ba aka janye shi. Makon kwana goma ya ɗan jima, amma lebura da ya saba hutawa bayan kwana shida ba ya murna da a ce sai bayan tara, aka soke shi a 1802, kalandar duka ta bi shi a farkon 1806.

Metir da kilo ma sun kusa bin sahu. An kafa sandunan metir na dutsen marmara guda 16 a bangayen birnin Pari domin mai wucewa ya gwada, aka buga takardun bayani, amma mai burodi da mai nama suka ci gaba da tsohon awo. A 1812 Napoleyon ya sassauta, ya yarda ƴan tireda su koma ga tsofaffin sunaye amma da sabon girma: libar ta zama giram 500, tsohuwar gaba ta zama metir 2. Sai dokar 4 ga Yuli 1837, a zamanin sarki Luwi-Filip, ta ce daga 1 ga Janairu 1840 duk wanda aka kama da wani ma'auni a shago ko a takardar ciniki zai biya tara. Lakwal da aikin soja da jirgin ƙasa su suka ƙarasa abin da doka ta fara. Duk da haka, har gobe matar Faransa tana iya cewa a ba ta libar ɗaya ta man shanu, kuma tsabar faran 5 an yi ta kiranta su ɗari har ƙarni na 20. Da aka fito da sabon faran a 1960, wanda ya ɗauki tsofaffi 100, dattijai sun yi shekaru da dama suna lissafin gida da gona da tsohon. Mai sayar da albasa da ke ƙirga dala ba ta yi abin da Nasara bai yi ba.

Ba ko'ina aka karɓi abin cikin lumana ba. A arewa maso gabashin Barazil, a 1874, mutanen ƙauyuka sun afka wa kasuwanni suna farfasa duwatsun kilo suna jefawa cikin ruwa, domin sabon awon ya zo musu tare da sabon haraji, kuma sun tabbata ƴan kasuwa za su fake da shi su rage musu kaya. Shekara guda bayan haka, ranar 20 ga Mayu 1875, ƙasashe 17 suka sa hannu a Pari kan yarjejeniyar metir, aka kafa ofishin ma'aunai na duniya a Sebur, bayan birnin. A can aka ajiye sandar metir da dunƙulen kilo da kowace ƙasa ke gwada nata da su. Yanzu dukansu sun yi ritaya: tun 1983 da gudun haske ake fassara metir, kilo kuma ya rabu da dunƙulen ƙarfensa a 2019.

A ƙasar Hausa, kuɗin da Nasara ya tarar wuri ne, wanda asalinsa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya yake zuwa. Ƙirga shi aiki ne na kansa, ana jan biyar-biyar da yatsu ana tara ɗari-ɗari, babban ciniki kuma sai da jaki. Domin kaya masu tsada, fatake sukan yi amfani da manyan azurfofin Turai, irin ta Sipaniya da ta sarauniya Mariya Tereza, wadda ake ta bugawa da shekarar 1780 ko da yaushe aka ƙera ta. Bajamushen nan Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2500 a kan azurfa guda. Sunan waɗannan azurfofi, tala ko dola, shi ya zama dala a bakin Bahaushe. Da Faransawa suka kama Damagaram a 1899 suka fara neman lampo da kuɗinsu, tsabarsu ta faran 5 tana da giram 25 na azurfa, ta kusa girman waccan mai giram 28. Jama'a suka ɗora mata sunan da suka sani. Azurfar ta ɓace, takarda ta zo, sefa ta zo ranar 26 ga Disamba 1945, aka karya darajarta da rabi a Janairun 1994, aka ɗaure ta da yuro a kan kusan 656 tun 1999, dala kuwa tana nan inda take, tamma biyar. Ba Hausawa kaɗai ba ne: Zabarmawa da Bambara da Wolof duk da biyar-biyar suke ƙirga sefa.

Ƙasashe biyu ma sun bi bakin kasuwa suka mai da shi doka. Da Muritaniya ta fita daga sefa a 1973, ugiya ɗaya ta ɗauki sefa 5, aka kuma kasa ta gida biyar. Madagaskar ta yi haka da ariyari, wanda ya maye gurbin faran ɗinta a 2005 a kan biyar da ɗaya. A nan gida kuwa santim ɗin da doka ta ce su ne kashi ɗari na sefa ba wanda ke riƙe su a hannu, tamma ɗaya ma sai a takardar banki ko a kuɗin wuta.

A ƙetaren iyaka labarin ya bi ta Ingila, wadda ta yi ta jan ƙafa. Tun 1849 ta buga tsabar sule biyu, wadda Hausawa ke kira fataka, domin ta zama kashi ɗaya cikin goma na fam, da niyyar a bi a hankali. A hankalin ya ci shekara 122, sai ranar 15 ga Fabrairu 1971 fam ya zama sabon kwabo 100. Ƙasashen da ta mulka da yawa sun riga ta: Indiya a 1957, Afirka ta Kudu a 1961, Gana a 1965, Ostareliya a 1966. Najeriya tana cikin na ƙarshe. A zamanin Janar Gowon aka mai da tuƙi hannun dama a Afrilun 1972, abin da ya sauƙaƙa wa direbobin Ƙonni da Ɗan Isa da Magarya, sannan ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta fito, fam ɗaya a kan naira biyu, naira kuma kwabo 100. Dokar ma'aunai ta 1974 ta biyo baya da metir da kilo da litir. An zaɓi naira ta zama rabin fam ne domin sule ya faɗa daidai kan kwabo 10, kada a ruɗa mutane. Shi ya sa aka daɗe ana ce wa kwabo goma sule, kwabo biyar sisi, naira biyu fam, naira 200 kuma jaka, tun da fam ɗari ce. Ga kalma ɗaya, jika a Maraɗi sefa 1000, jaka a Katsina naira 200, tsakaninsu tafiyar awa biyu ba ta cika ba.

Kada a ce tsohon lissafi wauta ne. Sha biyu tana rabuwa gida biyu, uku, huɗu da shida ba tare da saura ba, goma kuwa sai biyu da biyar. Abokan ciniki uku suna raba sule kowa ya ɗauki kwabo huɗu a tashi lafiya, amma su raba sefa ɗari sai an bar wa wani tamma. Shi ya sa dozin ta ƙi mutuwa a kantin kwano da na sabulu. Goma ta yi nasara ne saboda alƙalami: tun da lambobin da ake rubutu da su goma-goma suke hawa, mai lissafin da ke mai da giram kilo ko santim faran ba ya yin komi sai matsar da waƙafi. Ga mai karɓar lampo, da ma'aikacin duwan, da mai ajiyar sito, wannan ya fi komi.

Inda awo biyu suka gamu ba tare da an faɗa ba, a nan ake kwana ciki. A 1983 wani jirgin saman Kanada ya ƙare da mai a sararin sama, domin an lissafa man da laba alhali da kilo ake bukata. Allah ya kiyaye, matuƙan suka sauke shi ba inji, ba a rasa rai ba. A 1999 Amurka, wadda ta riga kowa a Yammacin duniya kasa kuɗi gida ɗari amma har yau take auna hanya da mil da mai da galan, ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mirrihi, saboda wani sashen ma'aikata ya yi lissafi da awon Ingilishi, ɗayan da na metir. Galan ɗin ma biyu ne, na Ingila litir huɗu da rabi da ɗan ɗoriya, na Amurka bai kai litir huɗu ba.

Irin wannan asara a kasuwannin nan ba ta fita a jarida, domin kaɗan-kaɗan take zuwa. Yadi santimetir 91 ne da ɗoriya. Wanda aka yi masa kuɗi a kan metir 100 aka yanka masa yadi 100 ya tafi da gibin fiye da metir 8 da rabi. Turmin atamfa mai yadi shida bai cika metir biyar da rabi ba. Fili mai ƙafa 50 da 100, irin yankan Najeriya, metir murabba'i 465 ne, ba 500 ba. Amma babbar magana tana wurin hatsi, domin shi ne abin da kowane gida ke saye. Ana ɗaukar tiyar gero kilo biyu da rabi, buhun kilo 100 kuma tiya 40. Sai dai tiya kwano ce, girma take aunawa ba nauyi ba, don haka tiyar gero da ta wake da ta shinkafa ba su zo ɗaya a sikeli. Kwanon ma ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, akwai wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, akwai tozo, akwai hannun da ake tarewa da shi a gefe lokacin saye a ƙauye, a janye shi lokacin sayarwa a birni. In kowace tiya ta gaza da giram 100 kacal, abin da ido ba ya gani, buhu ya rasa kilo huɗu ke nan, fiye da tiya ɗaya da rabi. Kukan da manoman Faransa suka rubuta wa sarkinsu a 1789 shi ne wannan, ba wani ba.

Hana dala da tiya ba zai yiwu ba, kuma ba shi da amfani. Dala ba ta cutar kowa, domin girmanta a tsaye yake, yaro ma ya san biyar ce. Tiya ce ba ta da tsayayyen girma, har ma'aikatan da ke bin farashin kasuwanni sai sun ɗora ta a sikeli kafin su rubuta kuɗin kilo. Abin da Napoleyon ya yi wa libar a 1812, ya bar sunan ya ɗaure shi da giram, shi ya fi dacewa da ita: kwano mai girma ɗaya, da hatimin hukuma a jiki, da sikelin jama'a a ƙofar kasuwa ƙarƙashin sarkin kasuwa da magajin gari, inda mai saye zai gwada abin da aka auna masa ba tare da ya biya ko ya roƙi kowa ba. Daga cikin sandunan marmara 16 da aka kafa a Pari domin wannan bukata, biyu sun rage a cikin birnin, ɗaya kuma tana nan a wurin da aka fara kafa ta, a bangon titin Vaugirard, daura da majalisar dattawa.